Jirgina na alkafura ba ya miƙewa a sama, ta ina zan fara gyara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Kano ne. Na koyi tuƙa ƙaramin jirgin sama mai rimot da irin na 'yan koyo, mai fiffike a saman jiki, har hannuna ya faɗa. Kwanan nan na sayi samfurin Extra 300 na fom mai aiki da batir, faɗin fikafikansa mita 1.2, don in fara alkafura. A tashin farko na ji shi da rawar kai ƙwarai, sai na liƙa masa darma a hanci. Ya natsu, amma yanzu in na yi da'ira a tsaye sai ta fita a karkace wajen hagu. In na juya shi rigingine sai na tura sandar rimot sosai kafin ya riƙe. In na miƙe da shi sama tsaye, hancinsa na zamewa hagu. In na kwantar da shi a kan gefe yana ja wajen doro. Da tsakar rana kuma kamar ba shi da ƙarfi. Wani abokina ya ce in shigar da gauraye a rimot, wato a saita shi yadda motsa sanda ɗaya zai haɗa da wani ɗan gyara da kansa, wani ya ce in sayi jairo, na'urar da ke daidaita jirgi da kanta in iska ta kaɗa shi. Me zan fara yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Matsaloli biyar ka lissafa, amma in na fahimce ka da kyau tambayar guda ce: a jikin jirgi ake gyara ko a cikin rimot, kuma wanne ake gabatarwa. A dunƙule, jikin jirgi ne farko, rimot ne ƙarshe. Gyaran kuma yana da jeri, in aka tsallake mataki ɗaya sai an dawo an sake duk abin da ya biyo bayansa. Zatona mafi ƙarfi shi ne darmar nan da ka liƙa a hanci ita ta haifi biyu daga cikin matsalolinka, wato na rigingine da jan doro. Rawar kan da ka ji a tashin farko tana da nata maganin, kuma ba darma ba ce.

Jirgin koyo an ƙera shi ne don ya riƙa yafe wa matuƙi. Fiffikensa a sama yake, ƙasansa shimfiɗe, bakunansa biyu sun ɗan ɗaga, shi ya sa in ka saki sanda da kansa yake komawa daidai. Extra 300 kuwa asalinsa jirgin gaske ne da Bajamushe Walter Extra ya ƙera a ƙarshen shekarun 1980 don gasar alkafura. Fiffikensa sama da ƙasa siffa ɗaya ce, domin ya tashi rigingine kamar yadda yake tashi a daidai, kuma ba ya gyara wa kowa kuskure. Inda ka ajiye shi nan yake zama. Saboda sauran masu karatu, abubuwa uku ne ke juya shi: eleron, leɓunan da ke bayan fikafikai masu mirgina shi, elebeta, wadda ke kwance a wutsiya tana ɗaga hanci tana sauke shi, da roda, wadda ke tsaye a wutsiya tana karkata hanci dama ko hagu.

Jerin gyaran da zan ba ka daga wajen 'yan gasa ya samo asali. Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, mai hedikwata a Lozan ta ƙasar Suwizalan, tana da rukunin da ake kira F3A na alkafurar ƙananan jirage masu rimot. An yi gasar duniya ta farko a 1960 a garin Dübendorf na Suwizalan, Ba'amurke Ed Kazmirski ya lashe, daga baya Hanno Prettner ɗan Ostiriya ya ci kambun sau bakwai tsakanin 1977 da 1993. A wannan gasa jirgi ba ya wuce mita 2 a tsawo ko a faɗi, ana tuƙa shi kimanin mita 150 daga gaban alƙalai, kowace siffa kuma ana ba ta maki daga 0 zuwa 10. Layi ya ɗan karkace, maki ya tafi. Mutanen da ke rasa maki a kan ɗan karkacen da ido ke gani da ƙyar dole su gano wane abu ke haddasa wanne, kuma abin da suka gano yana aiki a kan jirginka na fom kamar yadda yake aiki a kan nasu mai tsada.

Aikin kan tebur

Kafin komai ka cire farfela. Injin lantarki ba ya gargaɗi, da hannu ya goge totur bisa kuskure ya tashi, farfela kuwa tana yanka yatsa har ƙashi.

Ka ɗaura zare a tsakiyar wutsiya, ka ja shi zuwa bakin fiffiken dama ka yi alama, sannan ka kai shi na hagu. In bambancin ya wuce milimita biyu ko uku, fiffiken bai zauna daidai ba. Ka koma bayan jirgin da 'yan taku ka durƙusa ka duba: wutsiyar kwance ta yi layi ɗaya da fikafikai? Ta tsaye ta miƙe sak? Akwai fiffiken da ya murɗe? Jiragen fom kan fito daga kwali da ɗan lanƙwasa, zafin rana kuma ya ƙara musu. Sannan ka kula da elebeta, domin a yawancin irin jirginka ɓari biyu ce da aka haɗa da waya ko sanda. Abin da nake yi shi ne in liƙa tsinke dogo a kan kowane ɓari da salatif, bakunan su kusa haɗuwa a bayan roda, sannan in ja sanda in tura. In tsinke ɗaya ya riga ɗaya, ko ya fi shi nisa, to duk lokacin da ka ja sanda a sama jirgin zai ɗan mirgina, da'irarka ta fita a karkace. Wannan kaɗai ya isa ya zama dalilin matsalarka ta farko.

Ka kama kowane leɓe da yatsu ka girgiza a hankali rimot na kunne. In ya yi lako-lako, ko daga haƙoran sarbo ne, wato ɗan injin da ke motsa leɓen, ko daga ramin da waya ta shiga, leɓen ba zai riƙa komawa wuri ɗaya ba, kuma duk tirim ɗin da ka yi yau, wato ɗan gyaran da ake dannawa a rimot don jirgi ya tafi a miƙe, gobe zai canza. In akwai rata tsakanin leɓe da fiffike har haske na wucewa, ka toshe ta da salatif daga ƙasa, domin iska na zurarewa ta nan, sau da yawa kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya zurarwa.

Yanzu ga maganin rawar kai. Kamfanoni kan saita irin wannan jirgi da motsin leɓuna mai yawa, digiri 35 zuwa 45, saboda masu son su rataye shi a kan farfela yana tsaye cak a iska. Mai neman layi mai tsabta ba ya buƙatar haka. Ka fara da elebeta digiri 10 zuwa 12 sama da ƙasa, eleron wajen 15, roda 25 zuwa 30. In littafin jirgin ya ba da ƙaramin saiti da babba, ka ɗauki ƙaramin. Ya fi kyau ka rage motsin a jikin jirgi, ka matso da waya ramin da ke kusa da tsakiyar hannun sarbo, ko ka kai ta rami na nesa a ƙahon leɓe. Ta haka sarbo zai yi amfani da dukkan tafiyarsa, ya fi ƙarfi kuma ya fi tsayawa inda aka ce. Wanda ya bar wayar yadda take ya rage a rimot zuwa kashi 30 ya zubar da wannan amfanin. Bayan nan ka sa ekspo kashi 25 zuwa 35, wanda ke tausasa tsakiyar sanda ba tare da rage iyakarta ba. A kula: a rimot ɗin Futaba lamba mai alamar ragi ce ke tausasawa, a Spektrum da masu manhajar EdgeTX kuwa mai alamar ƙari ce. In ka juya su, garin neman gira sai a rasa ido. Ka motsa sanda ka kalli leɓen da idonka kafin ka tashi.

Cibiyar nauyi

Nan ne zan fi daɗewa, domin duk sauran gyare-gyaren a kanta suke zaune. Cibiyar nauyi ita ce wurin da in ka tallafi jirgi da yatsu biyu a ƙarƙashin fikafikai zai tsaya bai rinjayi gaba ko baya ba. A jiragen alkafura takan faɗa tsakanin kashi 25 da 33 cikin ɗari na matsakaicin faɗin fiffike daga gabansa zuwa bayansa, ana aunawa daga gaba. Littafin jirginka zai ba ka adadin a milimita, da shi za ka fara, ka ɗauki ɓangaren gaba na abin da ya bayar.

Ga abin da darmarka ta yi. Da hanci ya yi nauyi, jirgin ya fara sunkuyawa, sai ka ba elebeta tirim na sama don ya tafi daidai. Wataƙila ma ba ka lura da yawan dannawar da ka yi ba. Muddin jirgin na tafiya tumbi a ƙasa, nauyin hanci na ja ƙasa, tirim na ja sama, sun kashe juna. Da ka juya shi rigingine, nauyin hanci yana nan yana ja wajen ƙasa, tirim ɗin da a da yake ɗaga hanci yanzu shi ma ƙasa yake ja, tunda doron jirgin ne ke kallon ƙasa. Biyu sun haɗu a kanka, shi ya sa kake tura sanda har kamar za ta ƙare. In ka kwantar da shi a kan gefe kuwa, ko ka sako shi tsaye daga sama, nauyin ba ya adawa da tirim ɗin, sai tirim ya yi aikinsa shi kaɗai ya ja jirgin wajen doro. Da abokinka ya sa maka gauraye a rimot a wannan hali, da kun yi maganin alama kun bar cutar, kuma ranar da ka cire darmar duk gaurayen sun zama kuskure.

Saboda haka ka cire darmar, ka auna bisa littafi, ka daidaita da matsar da batir gaba ko baya. Ƙarin nauyi shi ne zaɓi na ƙarshe, domin kowane giram yana ƙara gudun sauka yana rage ƙarfin hawa. Sannan ka tashi da sassafe iska na kwance, ka ba inji kashi biyu cikin uku na totur, ka yi tirim har jirgin ya tafi a miƙe hannunka a sake.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne wannan. Ka ba shi cikakken totur, ka hau a kan layin digiri 45, ka mirgina rabi ya koma rigingine, ka saki elebeta. In hancin ya faɗo da sauri, nauyi ya yi gaba. In ya riƙe layin ɗan lokaci sannan ya fara saukowa a hankali, ka samu. In ya riƙe bai sauko ba sam, ko ya fara hawa, nauyi ya yi baya. Masu rataye jirgi a kan farfela suna son nauyin ya koma baya har haka, amma ga mai neman layi mai tsabta, kuma sabon shiga irinka, na fi son a rigingine ya riƙa buƙatar ɗan turi kaɗan. Jirgi mai nauyin baya yana da wahalar sauka: yana tashi sama da ka rage totur, wutsiya na zaunawa a kwana, kuma yakan yar da fiffike ɗaya ba zato in gudu ya ragu. Mai nauyin gaba dai gudu yake yi wajen sauka yana kuma ƙin ɗaga hanci, amma yakan dawo gida lafiya. Don haka daga gaba ake farawa a riƙa komawa baya, milimita 3 zuwa 5 kowane karo, a sake tirim, a sake gwaji. In ka samu wurin, ka ja layi da alƙalami a mazaunin batir, ka ɗaure shi yadda ba zai zame ba. In batirorinka nauyinsu ya bambanta, kowanne da nasa layin.

Nauyin gefe

Jakin da mangalarsa ɗaya ta fi ɗaya nauyi a karkace yake tafiya, komai yadda mai shi ke kaɗa shi. Haka jirgin da fiffikensa ɗaya ya fi nauyi. A tafiyar kwance ba ka gani, domin ka riga ka ɓoye shi da tirim ɗin eleron. Amma a cikin da'ira, inda nauyin komai ke ninkuwa sau uku ko huɗu, ɗan bambancin shi ma ninkuwa yake yi, fiffiken ya faɗa, da'irar ta karkace.

A ƙasa, ka tallafi jirgin ta ƙarfen inji da ƙarƙashin wutsiya, kai da wani, ku ga wane fiffike ke sauka. A sama kuma gwaji biyu ne. Na farko, bayan ka yi tirim a daidai, ka juya shi rigingine fikafikai a daidaice ka saki eleron. Fiffiken da ya faɗa shi ne mai nauyi. Na biyu, ka hau sama sosai, ka rage totur, ka sako shi tsaye, sannan ka ja sanda da ɗan ƙarfi ya koma kwance, ba tare da ka taɓa eleron ba. Ka maimaita sau da yawa. In fiffike ɗaya ne ke fitowa a ƙasa kullum, ka sa nauyi a bakin ɗayan. Giram biyu zuwa biyar kan isa a jirgi mai girman naka. Nakan fara liƙa ƙaramin noti da salatif, sai na tabbatar sannan in binne shi cikin fom da gam. Bayan haka tirim ɗin eleron zai buƙaci komawa tsakiya.

Inda inji ke kallo

Zamewar hanci hagu a hawan tsaye ba laifin darma ba ne, ɗabi'ar farfela ce. In ka tsaya a bayan jirgi, farfela na juyawa irin juyin agogo. Iskar da take turawa baya a murɗe take tafiya tana kewaye jikin jirgin, ta je ta bugi wutsiyar tsaye ta gefen hagu, ta tura wutsiya dama, hanci ya tafi hagu. Abin ya fi tsanani lokacin da totur ke cike gudu kuma ya ragu, wato daidai ƙarshen hawan tsaye. Maganinsa shi ne a ɗan karkata inji ya kalli dama, yawanci digiri 2 zuwa 3. Yawancin jiragen fom suna zuwa da wani abu na wannan karkata a jikin mazaunin inji, amma ba kullum take isa ba, kuma da an taɓa buga hanci a ƙasa takan canza.

Wajen gwaji ka tashi jirgin yana tafiya daga gabanka kai tsaye, yana fuskantar iska, kana kallon wutsiyarsa. Ka tabbatar fikafikai sun daidaita, ka ja ya miƙe tsaye da cikakken totur, ka cire hannu daga roda. In ya tafi hagu, ka sa washa a bayan kusoshin inji na gefen hagu. Lissafin mai sauƙi ne: in tsakanin kusoshin milimita 30 ne, washa mai kaurin rabin milimita tana ba da kusan digiri ɗaya. Kada ka gyara wannan da tirim ɗin roda, domin in ka rage totur iskar farfela ta tafi, tirim ɗin yana nan, sai jirgin ya riƙa karkata dama a saukowa.

Kallon sama da ƙasa ma ana gwada shi. Kana tafiyar kwance da cikakken totur sai ka rage shi gaba ɗaya lokaci guda. In hanci ya zabura sama, inji ya cika kallon ƙasa. In ya faɗa nan take, yana buƙatar ƙarin kallon ƙasa. In ya ci gaba a layinsa ɗan lokaci sannan ya fara sauka, ka bar shi. Ka tuna cewa canza girman farfela yana canza duk wannan, saboda haka ka zaɓi farfelarka kafin ka fara saka washa.

Sai yanzu rimot

Bayan cibiyar nauyi ta zauna, gefe ya daidaita, inji ya kalli inda ya kamata, abin da ya rage shi ne ainihin halin ƙirar jirgin, kuma shi ake gyarawa da gauraye. Ka kwantar da shi a kan gefe, ka riƙe hanci da roda, ka ga abin da yake yi. In yana ja wajen tumbi ko doro, ka haɗa roda da elebeta. In yana neman mirginawa, ka haɗa roda da eleron. Ka gwada gefen dama daban da na hagu, domin da wuya adadin ya zo ɗaya. Ka fara da kashi 3 zuwa 5. A ganina in gauraye ya haura kashi 10 zuwa 12 a irin wannan jirgi, akwai abin da aka tsallake a baya, a koma a duba. In kuma ka sako shi tsaye totur a kashe yana ɗan ja wajen doro, kashi 1 ko 2 na elebetar ƙasa da ke shigowa sai totur na kashe kawai ya isa, sai dai ka san zai ɗan taɓa yadda yake sauka.

Akwai kuma bambancin tafiyar eleron sama da ƙasa. In ka mirgina a layin tsaye ka ga wutsiya na zana da'ira maimakon jirgin ya juya a kan layinsa, ka gwada sa eleron ya fi tafiya sama da digiri ɗaya ko biyu. Wannan sai kowane eleron yana da nasa sarbo da tasa tashar a rimot.

Jairo kuwa ba na ƙinsa. A ƙaramin jirgi mara nauyi yana rage jijjigar da iska ke yi masa, kuma irin su AS3X na Spektrum suna zuwa a haɗe cikin jirage da yawa. Amma yana rufe alamomin da kake nema, don haka in jirginka yana da shi ka kashe lokacin gwaji. Ba zai gyara nauyin hanci ba, ba zai karkata inji ba. A gasar F3A ma haramun ne. In bayan ka gama komai kana son shi saboda iskar yamma, ka saya.

Raunin tsakar rana

Wannan ba kunnenka ba ne ke yaudararka. Kano tana kimanin mita 480 sama da teku. A ranar da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda ake yi a watan Afrilu, kaurin iska kan ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari in aka kwatanta da ma'aunin da ake ƙera jirage a kansa, wato bakin teku a digiri 15. Da sanyin safiyar Janairu ragin bai wuce kashi 5 ba. Farfela na samun iska kaɗan ta tura, fiffike na buƙatar ƙarin gudu kusan kashi 7 kafin ya ɗauki nauyin da ya saba, leɓuna kuma suna yin sanyin amsawa. Wanda ke Jos, a kan mita 1,200, yana fama da irin wannan ko da babu zafi.

Ana iya ƙara inci ɗaya a faɗin farfela, amma ba da ka ba. Ka sa mitar wat tsakanin batir da na'urar sarrafa gudun inji, ka ba da cikakken totur na daƙiƙa kaɗan jirgi a ɗaure, ka ga ko wutar da yake ja ta wuce iyakar inji da ta na'urar. Alkafura ta yau da kullum tana son wat 250 zuwa 330 ga kowane kilo na jirgi. Sau da yawa kuma laifin na batir ne. Kowane ɗaki na batirin LiPo, irin wanda waɗannan jirage ke aiki da shi, yana cika a bolt 4.2, ana ajiye shi a wajen 3.8, kuma bai kamata a zuƙe fiye da kashi 80 na abin da ke cikinsa ba. Wanda aka bari cike cikin mota a rana yakan kumbura, ƙarfinsa ya riƙa faɗuwa da an buɗe totur. Wanda ya kumbura ka daina amfani da shi, wuta yake kamawa. Jirgin kansa a inuwa ake ajiye shi tsakanin tashi da tashi, domin fom mai baƙin fenti yana ƙuraje a rana, fiffike kuma ya murɗe. Lokacin hunturu ƙura na shiga boris ɗin inji, maganaɗisunsa kuma suna tsintar ɓurɓushin ƙarfe daga ƙasa. Ka riƙa juya shi da hannu kana saurare, ka hure shi bayan kowace fita. In hazo ya yi kauri har ba ka bambance doro da tumbi daga nesa, ba ranar gwaji ba ce.

Abin da ba zan iya gani daga nan ba

Ban riƙe jirginka ba, ban kuma ga hannunka a kan sanda ba, kuma dole in faɗa maka cewa a cikin waɗanda suka taso daga jirgin koyo, babban dalilin karkacewar da'ira shi ne shiga cikinta fiffike ɗaya na ƙasa. Jirgin da ke wucewa a gabanka a sama, in fikafikansa sun daidaita, ya kamata ka ɗan hango tumbinsa. Sabon matuƙi kan sauke fiffiken da ke kusa da shi don ya ga doro, yana zaton ya daidaita. Ga kuma babban yatsa da ke jan sanda a karkace ya haɗa da ɗan eleron bai sani ba. Hanyar rarrabewa ita ce ka yi da'irar daga dama zuwa hagu, sannan daga hagu zuwa dama. In kullum wajenka take matsowa, kai ne ko iskar gefe. In kullum wajen fiffiken hagu na jirgin take bi, jirgin ne. Ka sa wani ya tsaya a bayanka yana kallo, ko ya ɗauki bidiyo da waya.

Jirgin fom mai mita 1.2 kuma yana da iyaka. Jikinsa na lanƙwasa in aka matsa masa, sarbonsa ƙanana ne, iska kaɗan ke wasa da shi. Ba zai taɓa zana layi irin na jirgin gasa mai mita 2 ba, amma zai yi da'ira, mirgina, rigingine da tafiyar gefe masu kyau in aka bi jerin nan, abu ɗaya a kowane tashi, ana rubutawa a ɗan littafi.

Game da wurin tashi, ka nisanci filin jirgin Malam Aminu Kano da barikoki da taron jama'a. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa tashi da jirage marasa matuƙi yana buƙatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka ka nemi sanin inda irin naka ya faɗa, ka kuma sanar da mai unguwa ko masu filin. Kafin tashin farko na kowace rana ka gwada nisan rimot, ka kuma kashe shi jirgi a ɗaure ka tabbatar inji na tsayawa da kansa in sadarwa ta yanke.

In ka cire darmar ka yi gwajin digiri 45, ka aiko mini da milimita nawa cibiyar nauyi take daga gaban fiffike, nauyin jirgin da batir, girman farfela, da dannawa nawa na tirim suka rage a kan elebeta da eleron. Da waɗannan zan iya gaya maka ko washa ce ta gaba ko nauyin bakin fiffike. Allah ya ba da sa'a.